Sikelin Filin Jirgi Ba Mugunta Ba Ne: Lissafin Da Matuƙi Ke Yi Kafin Ya Ɗaga Da Iyayenmu

'Yar'uwa, idan kin taɓa raka maniyyaci filin jirgi ko kin je tarar alhaji, to kin san rigimar sikeli. Babu shekarar da ba a yin ta. Ni kaina na ɗanɗana ta shekarar da Innarmu ta sauke farali. Ana gobe za a auna kayansu a Makka ta kira ni ta WhatsApp, muryarta kamar za ta yi kuka.

"Ke ɗiyata, wagga jaka tasu ba ta ɗaukar komi. Mi za ni sa, mi za ni bari? Jikoki goma sha huɗu gare ni."

Ta lissafa mini: dabino, darduma, jallabiyoyin yara, tazbaha, turare, kofuna, flas biyu, da wani ƙaton bargo da ta ce na Baba ne. Sai ta rage murya ta faɗa mini shawarar da 'yan ɗakinsu suka ba ta. Wai ta saka abaya uku a jikinta, ta ɗaure dabinon a ƙugu ƙarƙashin hijabi, masu nauyin kuma ta cusa su cikin jakar hannu, tunda ita ba kullum ake tsananta awonta ba. Na yi dariya har da hawaye. Da na ajiye wayar kuma sai dariyar ta ɗauke, don na tuna wani abu daga wurin aikina.

A ɗakin yara ba ma ba jariri magani sai mun ɗora shi a kan sikeli. Ko farasitamol ne, gwargwadon nauyin yaro ake auna shi, kilo-kilo. Uwa takan ce mini, "Nas, ai kin gan shi, ƙiyasta kawai." Ba na yarda. Ido yana yaudara, kuma in lambar da na fara da ita ba daidai ba ce, duk lissafin da ya biyo baya ya lalace, komai ƙwarewata. Matuƙin jirgin sama ma da lamba yake aiki. Bambancinmu shi ne ni yaro ɗaya ke gabana, shi kuwa mutum ɗari huɗu ke bayansa.

Mu mutanen Dalijan da sauran ƙasar Gwandu wannan magana ta ƙofar gida ce. Filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa ba shi da nisa da mu, kuma daga nan maniyyatan Kebbi ke tashi. A ranar 15 ga Mayun 2024 ma daga can aka ƙaddamar da jigilar alhazan Najeriya gaba ɗaya, Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya zo da kansa, jirgin Flynas ya ɗaga da mutum fiye da 400. Iyayenmu ne a ciki, da mazajenmu, da surukanmu. Ya kamata mu san abin da ke faruwa cikin wannan minti guda da jirgi ke gudu a ƙasa kafin ya rabu da ita.

Titi ba ya miƙewa

Jirgi ba ya tashi sai ya yi gudu, kamar dai yadda shamuwa ke ɗan tattaki tana kaɗa fiffike kafin ta ɗaga. Iskar da ke ratsa fukafukansa ita ke ɗauke shi, kuma sai gudun ya kai wani mizani iskar ke iya ɗaukar nauyin. Manyan jiragen fasinja kan kai gudun kilomita 250 zuwa 300 a awa kafin su ɗaga. Dole su kai wannan gudu kafin kwalta ta ƙare. Titin kuwa tsawonsa ƙayyadadde ne, ba a ƙara masa taku ɗaya don jirgi ya cika.

Saboda haka kafin kowane tashi, matuƙa biyun da ke gaba sai sun zauna sun yi lissafi: nawa ne nauyin jirgin yau, da mutane da kaya da mai? Zafin gari nawa? Iska daga ina take kaɗawa? Titin a bushe yake ko a jiƙe? Tsawonsa nawa? Daga nan suke fitar da wasu lambobi na gudu. Wadda ta fi ba ni mamaki da na fara karanta ta ita ce wadda suke kira V1. Ita ce iyakar yanke shawara. In matsala ta taso kafin jirgi ya kai wannan gudu, ana taka birki a tsaya, kuma lissafi ya nuna sauran titin zai isa. In ya wuce ta, babu batun tsayawa, sai dai a tashi, ko da inji ɗaya ya mutu, a zagayo a sauka. An ƙera jiragen ne yadda za su iya hakan. Amma duk wannan tanadi yana tsaye ne a kan sharaɗi guda: nauyin da aka rubuta wa matuƙi ya zama shi ne nauyin gaskiya.

Masu koyar da tuƙin jirgi suna da wani ƙiyasi da suke ba ɗalibai: in nauyi ya ƙaru da kashi 10 cikin ɗari, tsawon titin da ake buƙata yakan ƙaru da wajen kashi 20. Ba ɗaya-bisa-ɗaya ba ne. Jirgi mai nauyi yana jan jiki wajen ɗaukar gudu, sannan kuma gudun da yake buƙata ya ƙaru. Matsala biyu ke nan a lokaci guda.

Zafin bazara yana cin titi

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi shafarmu. Kin san zafin Afrilu da Mayu a Kebbi, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, randa ma ta daina sanyi. To iska idan ta yi zafi sai ta saki, ta zama sakayau, kamar kunun da aka cika wa ruwa. Iskar da ke digiri 42 ta gaza wadda ke digiri 15 kauri da wajen kashi 8 zuwa 9 cikin ɗari. Fiffike ba ya samun abin riƙewa sosai, inji ma ba ya shaƙar abin da ya ishe shi. Tudu ma haka yake yi: jirgin da ke tashi daga Jos ko Addis Ababa ya fi na Legas buƙatar titi, don iskar tudu ba ta kai ta bakin teku kauri ba.

Ma'ana, titin da ya wadaci jirgi da asuba zai iya yi masa ƙaranci da azahar, alhali titin bai canza ba, jirgin ma shi ne. Ba a ƙasarmu kaɗai ba. A watan Yunin 2017 an soke tashin jirage da dama a birnin Phoenix na Amurka, saboda zafin da aka yi hasashe ya zarce iyakar da aka amince wa wasu ƙananan jiragen fasinja su tashi a cikinta, wato kimanin digiri 48.

Idan matuƙi ya ga lissafi bai fita ba, zaɓinsa kaɗan ne. Ko a rage kaya, ko a rage mutane, ko a jira gari ya yi sanyi, ko a rage mai a tsaya a hanya a ƙara. Tafiyar Saudiyya kuwa wajen awa biyar ce, man da take ci tan-tan ne, ba a wasa da shi. Don haka idan aka ce miki jakar mai gidanki za ta biyo wani jirgin, ba lallai sakaci ba ne. Wani lokacin sakacin ne, ba na musu, muna ƙasar da muke. Amma wani lokacin wani ne ya yi lissafinsa daidai.

Gwammaja

Ina yarinya lokacin, amma na tuna yadda manya suka kewaye rediyo. Ranar Asabar 4 ga Mayun 2002, da misalin ƙarfe ɗaya da rabi na rana, jirgin kamfanin EAS samfurin BAC One-Eleven ya nufi tashi daga filin Malam Aminu Kano zuwa Legas, ɗauke da mutum 77. Babban titin filin ana gyaransa, sai aka koma amfani da ƙaramin, wanda ya gaza shi da ɗaruruwan mitoci. Ga tsakar rana, ga zafin Mayu.

Kwalta ta ƙare jirgin bai ɗaga ba. Ya ci gaba da gudu a kan ƙasa, tayoyinsa suka tayar da ƙura, injunan suka shaƙe ta, ƙarfinsu ya ragu. Ya ɗaga da ƙyar, bai yi nisa ba ya faɗa kan gidaje a unguwar Gwammaja. Mutum 73 na cikin jirgin suka rasu, cikinsu har da Ministan Wasanni na lokacin, Ishaya Mark Aku, sai kuma wasu 30 da ke ƙasa. Waɗannan talatin ɗin su ne ba sa barin zuciyata. Ba su sayi tikiti ba, ba su yi niyyar tafiya ko'ina ba. Mutane ne cikin gidajensu da unguwarsu, da rana tsaka. Masu bincike sun ɗora alhakin a kan gazawar matuƙan wajen ɗaga jirgin cikin tsawon titin da suke da shi.

Duk wanda ke zaune kusa da filin jirgi, kamar mu da mutanen Ambursa, yana da kaso a lissafin da ake yi cikin ɗakin matuƙi, ko bai taɓa hawa jirgi ba.

Kilo biyar ɗina kawai?

Na san abin da za ki ce, don shi Inna ta ce mini: "Jirgi kamar gari guda, dabinona ne zai kada shi?"

Gaskiya ne, dabinonta kaɗai ba zai kada shi ba. Babban jirgi irin Airbus A330 yana iya tashi da nauyin da ya haura tan 200. Amma yi wannan lissafin da ni. Alhazai 400, kowa ya ɓoye kilo 5. Kilo 2,000 ke nan, buhun shinkafa mai kilo 50 har guda 40. In kowa kilo 10 ya ɓoye, buhu 80. Kuma abin lura, ba a ɗora fasinja a sikeli. Kamfanonin jirage suna amfani da matsakaicin nauyi ne, su ƙiyasta wa kowane mutum kaza, har da jakar hannunsa. Duk abin da aka ɗaure a ƙugu ko aka cusa a jakar hannu fiye da ƙa'ida, babu shi a takardar da matuƙi ke dubawa. Yawan nauyin ba shi ne babbar damuwa ba. In an san da shi ana iya tanadinsa. Wanda ba a sani ba shi ke cin sararin da aka bari don ranar da wani abu zai ɓaci.

Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Benin sun ga ƙarshen wannan hanya. Ranar Kirsimeti ta 2003, wani jirgi samfurin Boeing 727 na kamfanin UTA na ƙasar Gini ya tashi daga Kwatano zai nufi Beirut. An loda masa mutane da kaya ba tare da sahihin lissafi ba, har matuƙan kansu ba su san ainihin nauyinsa ba, ba su kuma san kayan sun rinjayi gaba ba. Da lokacin ɗagawa ya yi, hancin jirgin ya ƙi tashi da wuri. Ya bugi wani gini a ƙarshen titi, ya faɗa bakin teku. Fiye da mutum 130 suka mutu. Kayan da suka cika shi ba wasu abubuwa ne na ban tsoro ba, jakunkunan matafiya ne masu komawa gida hutu.

Shekaru da dama ƙa'idar alhazan Najeriya a baya ta kasance babbar jaka kilo 32, ta hannu kilo 8, ruwan Zamzam lita 5 kuma hukuma ce ke kula da kawo shi daban. Tsarin yakan iya sauyawa, don haka a tambayi jami'an hukumar alhazai ta jiha a wurin bita, kada a dogara da abin da Hajiya wance ta ce an yi a shekararsu.

Inda kika zauna ma lissafi ne

Wanda ya taɓa shiga kwalekwale a gulbi ya san wannan. Mai jirgi ba ya barin kowa ya taru gefe ɗaya. Jirgin sama ma yana da wurin da nauyinsa ya kamata ya daidaita, kar ya rinjayi gaba, kar ya rinjayi baya.

Waɗanda suka fi kowa shan wahalar wannan su ne masu wasan dirowa daga jirgi da laima, a Turai da Amurka. Jiragensu ƙanana ne, galibi an cire kujeru, mutane na zaune a ƙasa da kayansu a baya, kuma sukan tashi daga ƙananan filaye masu gajeren titi. Duk lokacin da ƙungiya irin tasu ta so sayen jirgin da ya fi girma don ɗaukar ƙarin mutane, tambayar farko ita ce: titinmu zai ishe shi a cike, a ranar da ta fi zafi? A ranar 14 ga Yulin 2019, irin wannan jirgi ya faɗi kusa da garin Umeå na ƙasar Suwidin, mutum tara da ke ciki duk suka mutu. Bincike ya nuna an ɗora masa fiye da kima, kuma nauyin ya rinjayi baya. Ƙasa ce mai tsari da doka, amma iska ba ta duba fasfo.

Babban jirgi ya fi jure wannan nesa ba kusa ba. Duk da haka, in ma'aikaciyar jirgi ta ce ki zauna a kujerar da aka rubuta miki har a tashi, musamman a jirgin da bai cika ba ko ƙaramin jirgi, ba don ta raba ki da ƙawarki ba ne. An riga an yi lissafi da ke a wurin.

Jinkiri

Babu abin da ke ƙona ran mai rakiya kamar jinkiri. An kwana a sansanin alhazai, an ce da safe, an ce da yamma, tsofaffi sun gaji, masu ciwon suga abincinsu ya rikice. A matsayina na ma'aikaciyar jinya ina ganin illar wannan, kuma ina ganin haƙƙi ne a riƙa faɗa wa mutane gaskiyar abin da ya tsayar da su, a ba su wurin zama da ruwa. Shirun da ake yi musu shi ya fi jinkirin ciwo.

Sai dai akwai jinkirin da da an yi shi, da gidaje da yawa a ƙasar nan ba su yi zaman makoki ba. A ranar 11 ga Yulin 1991, wani jirgi samfurin DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda ke aiki da sunan Nigeria Airways, ya ɗauko alhazai daga Jidda zuwa Sakkwato. Lokacin ba a ma ƙirƙiri Jihar Kebbi ba, sai a watan Agustan shekarar, duk muna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato. Wasu tayoyin jirgin ba su da isasshiyar iska. An san da haka, an nemi a ƙara, amma gudun ɓata lokaci ya sa aka sallami jirgin a haka. Yana cikin gudu a titi tayoyin suka fashe, suka kama wuta. Matuƙan ba su san da wutar ba, suka tashi, suka naɗe tayoyin zuwa cikin jirgi. Sun juyo don su sauka amma ba su kai ba. Duk mutum 261 da ke ciki suka rasu. Allah Ya jiƙansu.

Haka ranar 29 ga Oktoban 2006, jirgin ADC ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato cikin hadari da iska mai juyawa, ya faɗi jim kaɗan bayan ɗagawa. Mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. Binciken ya yi nuni ga shawarar tashi cikin wannan yanayi, da yadda aka tunkari iskar bayan an shiga cikinta.

Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan imaninmu ne. Amma ni da nake tsaye kan marasa lafiya kullum, ban taɓa ganin imani ya hana mu auna magani ba. Kuma ban kawo waɗannan labarai don in sa miki tsoron jirgi ba. Tafiya ta sama ta fi ta mota aminci sosai. Wanda ya yi aiki ɗakin haɗurra na kowane asibiti a kan babbar hanya zai faɗa miki haka. Amincin nan kuwa daga irin wannan taurin kai na awo da dubawa da jira ya samu.

Abin da ke hannunmu

Mu ne masu haɗa jaka, ko ba mu ne masu tafiya ba. Ki nemi ɗan sikelin rataye, irin wanda ake samu a kasuwa, ki auna jakar tun a gida, ki kuma saka shi cikin kayan mai tafiya don dawowa. Jakar hannu ki bar ta ga abin da ba a iya rabuwa da shi: magungunan hawan jini da suga tare da takardar likita, tabarau, cajar waya, tufafi ɗaya na canji. Na sha ganin tsohuwa ta dawo da ciwon kafaɗa na makonni saboda jakar da ta fi ƙarfinta, kuma jaka mai nauyi in ta suɓuto daga ma'ajiyar sama, kan mutum take faɗowa.

Sannan ki rage wa mai tafiya nauyin kunya. Rabin abin da ake ɓoyewa a ƙugu, saƙonninmu ne. Kowa ya ba da sautu, kowa na jiran tsaraba, tsohuwa kuma ba ta iya cewa a'a. Yawancin kayan nan ana samunsu a Kantin Kwari ko babbar kasuwar Birnin Kebbi, wani lokacin ma da rahusa. Abin da ya zama dole a zo da shi daga can, akwai kamfanonin kargo da ke ɗauka a biya.

In kuma ke ce mai tafiya da goyo, ki ba shi nono lokacin tashi da lokacin sauka, haɗiya tana buɗe kunne ta rage masa zafin da ke sa yara tsala ihu. Ki ɗaura bel ɗinki ƙasa-ƙasa a kan ƙugu, mai juna biyu ta sa shi ƙarƙashin ciki. Ki duba ƙofar fita mafi kusa da ke tun kafin jirgi ya motsa. In har aka ce a fita da gaggawa, a bar jaka. Ana gwada manyan jirage ne a kan kowa ya fice cikin daƙiƙa 90, kuma mai tsayawa ciro jaka na bayanta take tarewa.

Daren nan na sake kiran Inna. Ban yi mata zancen V1 ba. Na ce mata ta tuna ranar da ta kawo mini jikanta da zazzaɓi, na ƙi ba shi magani sai da na auna shi, har ta yi fushi ta ce boko ya ɓata ni. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To, bargon Babanku fa?" Muka yi waya da wani ɗan garinmu da ke cikin tawagar, ya kai bargon da flas ɗin wurin 'yan kargo. Dabinon ta raba biyu, ta ba wata baiwar Allah da jakarta ba ta cika ba rabi, suka auna tare a gaban jami'i.

Ta sauka Ambursa da abaya ɗaya a jikinta. Bargon bai iso Dalijan ba sai bayan mako bakwai, damina ta riga ta kankama, kuma har yau in an shimfiɗa shi sai ta faɗa wa baƙi nawa ta biya kuɗin kargo.